Tsohuwar Taraktar Lambu Ta Ƙi Tashi: Yadda Ake Bin Wayoyin Kii da Makunnan Kariya

Wayoyin tsohuwar taraktar lambu, wato ƙaramar tarakta mai wuƙaƙen yankan ciyawa da ake tuƙawa a zaune, ba su da yawan da zai tsorata mutum. Abin da ke ruɗarwa shi ne hanyoyi uku aka naɗe a dami ɗaya: hanyar da ke juya sitata, hanyar da ke ba fulogi wuta ko ta hana shi, da hanyar caji. Makunnan kariya na birki da na wuƙaƙen yankan ciyawa da na kujera sun ratsa cikin biyun farko, kuma aikin da makunni yake yi a wannan hanyar yana iya zama kishiyar wanda yake yi a waccan. Wanda bai raba su a kansa ba sai ya yi ta sayen kaya, yau kii, gobe kwayil, jibi sitata, tarakta tana nan inda take.

Tambayar da ke gaba da kowace ita ce: ta yaya injin nan yake samun wutar fulogi? Amsa biyu ce kawai, kuma duk sauran binciken a kanta ya rataya.

Injin da ke yin wutarsa, da injin da batir ke ba shi

Iri na farko shi ne magneto. Kwayil ɗinsa yana ɓoye ƙarƙashin murfin inji, dab da fulawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da inji. Akwai maganaɗisu a jikin fulawil ɗin, duk sanda ya gifta ta gaban kwayil sai wuta ta samu. Babu ruwansa da batir. Za ka gane shi da cewa wayar fulogi daga ƙarƙashin murfin take fitowa, tare da wata siririyar waya guda ɗaya. Wannan siririyar ba wuta take kawowa ba, wayar kashewa ce. Muddin ba ta taɓa komai, inji yana aiki. Da zarar an haɗa ta da jikin ƙarfen tarakta, wuta ta ɗauke, inji ya mutu. Yawancin injinan kamfanonin Briggs & Stratton da Tecumseh haka suke. A 1982 Briggs ya fito da Magnetron, wanda ya cire kwantak (ƙananan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa don kwayil ya yi wuta) daga ciki ya sa na'urar lantarki a madadinsa, amma tsarin kashewa bai canza ba.

Iri na biyu yana da kwayil mai siffar gwangwani irin na tsohuwar mota, a fili yake a jikin inji, da ƙananan kawuna biyu, + da −, da kwantak da kondensa. Wannan sai an ba shi bolt 12 daga batir ta hanyar kii kafin ya yi wuta, kuma ana kashe shi ne ta yanke masa wutar. Shi ake yawan samu a injinan Kohler jerin K da ke cikin taraktocin Cub Cadet da Wheel Horse da John Deere na shekarun 1960 da 1970, da injinan Onan masu silinda biyu. Kada ka dogara da sunan kamfani kawai, domin akwai Kohler K masu magneto, kuma tsohuwar tarakta sau da yawa an taɓa sauya mata inji. Idonka shi ne alƙali: ka duba kwayil ɗin.

Ga inda ake yin babbar asara. Mazaunin kii na nau'ukan biyu kamarsu ɗaya, ƙafafu biyar ko shida a baya, har soket ɗaya suke shiga. Cikinsu ne ya bambanta. A bayan kowane akwai haruffa kusa da ƙafafun: B ta batir, S ta salanoyid ɗin sitata (makunnin da ke tura mata wutar batir), M ta magneto, G ta jikin ƙarfe, L ta fitila, A ta sauran kayan wuta, R ta na'urar daidaita caji, I ta kwayil mai batir. Kii mai M na magneto ne, kii mai I na ɗayan ne. Idan aka sa kii mai I a injin magneto, murɗawar farko za ta tura bolt 12 cikin wayar kashewa, kuma kwayil ɗin yana ƙonewa nan take, wani lokaci har da hayaƙi. Idan aka yi akasin haka, inji zai yi ta juyawa babu wuta ko kaɗan. Ko a tsakanin masu M ɗin ma matsayin ƙafafu yana sauyawa daga kamfani zuwa kamfani. Wurin da G take a wannan yana iya zama wurin wayar wuta a wancan, sai fiyus ya tashi ko waya ta narke. Haruffa ake bi, ba wurin zaman ƙafa ba.

Gwada kii abu ne mai sauƙi idan an cire shi daga soket. Ka sa mita a ma'aunin om, wanda ke nuna ko wurare biyu sun haɗu. Kii na magneto: a kashe, M da G su haɗu, a kunne, M ta rabu da kowa, B ta haɗu da L ko A ko R, a wurin tayarwa, B ta haɗu da S. Babu wani matsayi da B za ta taɓa M. Kii na kwayil mai batir: a kashe B ta rabu da kowa, a kunne B ta haɗu da I da R da A, a wurin tayarwa B ta haɗu da S da kuma I, duka biyun. Ka riƙa girgiza makullin kaɗan yayin da kake aunawa, domin tsohon kii yakan haɗu ya saki.

Kafin a sa hannu

Ka ajiye tarakta a wuri mai shimfiɗe, giya a firi, birki a ɗaure, wuƙaƙe a kashe, a sa wa tayoyi duwatsu ko katako. Duk gwajin da ba na neman wutar fulogi ba ne, a zare wayar fulogi a haɗa ta da jikin inji. Idan za a kwance waya mai kauri, kan negetif na batir ake fara cirewa, shi kuma ake mayarwa a ƙarshe, don kada sifana ta haɗa fositif da ƙarfe. Zobe da agogon ƙarfe a cire su. Kayan aiki uku sun isa: mita, fitilar gwaji mai ƙwan gaske na bolt 12, da guntuwar waya mai matsi a kowane baki, an saka mata fiyus a tsakiya.

An murɗa kii, shiru

Batir ake fara aunawa, ko da sabo ne. Wanda ya cika yana nuna bolt 12.6 idan ya huta. A 12.4 ya ragu amma zai yi aiki, a 12.0 ya yi ƙasa sosai. Sai dai wannan awo bai faɗi komai a kan ƙarfinsa ba. A bar mita a kan kawunan batir ɗin, wani ya murɗa kii. Idan lamba ta faɗi ƙasa da 9.6, batir ya gaji, ko kuma sitata tana jan wutar da ta wuce ƙima. Idan lambar ba ta motsa ba sam, to babu abin da ya ja wuta, matsalar tana gaba.

Daga nan kada ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya tun daga kii. Ka tafi kai tsaye wurin salanoyid, ka sa fitilar gwaji a ƙaramin kansa inda siririyar wayar S take shiga. Mutum ya zauna a kujera, ya taka birki, wuƙaƙe a kashe, ya murɗa kii zuwa wurin tayarwa. Wannan gwaji guda ya raba maka aikin gida biyu. Fitila ta kama da haske sosai: kii da fiyus da makunnan kariya na wannan ɓangaren duk lafiyarsu ƙalau, laifin yana salanoyid ko manyan wayoyi ko sitata. Fitila ba ta kama ba, ko ta yi ja-ja da ƙyar: laifin yana baya, tsakanin batir da wannan wurin.

A nan sai a lura da irin salanoyid ɗin. Mai kawuna uku, manya biyu da ƙarami ɗaya, ta gindinsa yake samun negetif, inda aka ɗaure shi da ƙarfe. Tsatsa ko fenti a ƙarƙashinsa sun isa su hana shi motsi. Mai kawuna huɗu yana da ƙanana biyu, ɗaya na wuta ɗaya na negetif, kuma a wasu taraktoci makunnan kariya a ɓangaren negetif ɗin aka jera su. A irin wannan za ka ga wuta ta iso lafiya amma salanoyid bai ce uffan ba. Ka auna ɗaya ƙaramin kan yayin da ake murɗa kii: idan shi ma ya nuna bolt 12, hanyarsa ta komawa ƙarfe a yanke take. Mutane sukan sa mai kawuna uku a gurbin mai huɗu su ga tarakta ta tashi su yi murna, alhali sun tsallake makunnan kariya gaba ɗaya ba su sani ba.

Idan wuta ba ta iso ba, sai a koma baya. Tsarin da aka fi samu shi ne: daga babban kan salanoyid na ɓangaren batir, siririyar waya ta bi ta fiyus (yawanci mai amfiya 15 ko 20 ko 30), a wasu ta ratsa agogon caji, ta shiga B. Daga S ta fita zuwa makunnin birki ko kuloci, ta wuce makunnin wuƙaƙe, a wasu har da na giya, sannan salanoyid. Kamar ƙofofi ne a jere cikin lungu guda, ko ɗaya aka rufe babu wucewa. Ka riƙe kii a wurin tayarwa, ka taɓa fitila a shigar kowane makunni da fitarsa. Inda wuta ta shiga ba ta fita ba, nan ne.

Amma kafin ka yanke wa makunnin hukunci, ka danna maɓallinsa da yatsa har ƙarshe. Sau da yawa makunnin lafiya yake, ƙarfen da ke danna shi ne ya lanƙwashe, ko mazauninsa ya goce, ko sandar birki ta ci har ba ta kaiwa. Hannun da ke kunna wuƙaƙe ma haka: busasshiyar ciyawa da laka sukan taru su hana shi komawa ƙarshen zangonsa, ya rage kaɗan ya danna maɓalli amma bai danna ba. A nan gyaran na filaya ne da buroshi.

Dalilin nacewa a kan fitila mai ƙwan gaske shi ne mita tana yaudara. Wutar da take ja ba ta kai ta kawo ba, don haka wayar da ta rube saura zare ɗaya, ko soket ɗin da ya yi kore da tsatsa, za su nuna mata 12.5 lafiya lau. Salanoyid kuwa yana buƙatar amfiya uku zuwa huɗu kafin ya ja. Ƙwan fitila yana jan wuta, shi ya sa yake tona asirin haɗin da ya raunana. Idan da mita za a yi, a auna yayin da komai yake haɗe kuma ana murɗa kii. Mazaunin fiyus da bayan agogon caji su ne wuraren da aka fi samun irin wannan ɓoyayyen lahani.

Salanoyid ya yi ƙas sau ɗaya, sitata ba ta juya ba: a nan ana auna wutar da ke ɓata a hanya. Baƙin tsinken mita da jan tsinkenta duka a kan layi ɗaya ake sa su, ɗaya a kan fositif na batir, ɗaya a kan sitata, a murɗa kii. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ya salwanta tsakanin wuraren biyu, kuma bai kamata ya wuce rabin bolt ba. A yi haka a kan manyan kawunan salanoyid biyu: fiye da 0.2 ko 0.3 na nufin tagullar cikinsa ta ƙone. A yi tsakanin negetif na batir da jikin inji: ya tsaya wajen 0.2. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa da shi. Wayar negetif a jikin firam aka ɗaure ta, injin kuma yana zaune a kan firam ɗin da notuna masu tsatsar shekaru. Idan ka ga wayar totur ko ta cok tana ɗumi yayin tayarwa, wutar sitata ce ta rasa hanya take bi ta cikinsu. Idan kuma salanoyid yana kaɗawa ƙas-ƙas-ƙas da sauri, wuta ce ke faɗuwa duk sanda sitata ta kama: batir mai rauni ko kan batir mai datti.

Akwai wani abu da ke kama da matsalar wuta alhali ba ita ba ce. A injinan Briggs masu bawul a sama, sitata takan juya inji rabin zagaye ta cije. Cikin injin akwai abin da ke ɗan ɗaga bawul don rage matsin iska lokacin tayarwa, kuma idan tazarar bawul ta buɗe da yawa ba ya aiki. Ka cire fulogi ka gwada: idan injin ya juya da gudu, a daidaita bawul kafin a zargi sitata.

Yana juyawa amma ba ya kamawa

A duba wuta a fulogi, da na'urar gwajin tartsatsi idan akwai, ko da fulogi mai kyau an jingina shi da jikin inji nesa da ramin fulogi da kafireto. Magneto na son gudu, Briggs ya ce aƙalla zagaye 350 a minti, don haka batir mai rauni yana iya sa kwayil mai lafiya ya zama kamar matacce.

Idan babu wuta a injin magneto, gwaji ɗaya ne ke warware zancen: a zare siririyar wayar kashewa daga kwayil, ko daga inda take haɗuwa da damin wayoyin tarakta a gefen inji, a sake juyawa. Ka sani cewa a wannan halin kii ba zai kashe injin ba idan ya tashi, don haka a kwance fulogi daga inji kafin a yi gwajin. Wuta ta dawo: kwayil lafiya, wani abu ne a cikin tarakta yake haɗa wayar da ƙarfe. Wuta ba ta dawo ba: laifin yana inji. A duba tazarar da ke tsakanin ƙafafun kwayil da maganaɗisu, wadda a yawancin Briggs take tsakanin milimita 0.25 da 0.36, a duba guntuwar wayar da ke ƙarƙashin murfi ko ta goge da haƙarƙarin silinda, a injinan da suka girmi Magnetron kuma a duba kwantak da ke ƙarƙashin fulawil. Kada ƙaramar lamba ta ruɗe ka idan ka auna tsakanin ɗan kunnen kwayil, inda wayar kashewa take shiga, da ƙarfe. Naɗin farko na kwayil gajere ne, dole ya nuna kusan sifiri, wannan ba shaidar lalacewa ba ce.

A ce wuta ta dawo. Wayar da ka zare, ɓangaren da ya nufi tarakta, ita za ka auna. Da farko a ma'aunin bolt: a kowane matsayi na kii dole ta nuna sifiri. Ko ɗigon wuta ka gani, kada ka mayar da ita kan kwayil sai an gano daga ina. Sannan a ma'aunin om tsakaninta da jikin inji: kii a kashe, ta nuna haɗi, kii a kunne, mutum a kujera, ta nuna a buɗe. Idan ta ci gaba da nuna haɗi, sai a riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya, na kii, na birki, na wuƙaƙe, ana kallon mita. Wanda aka zare haɗin ya ɓace, shi ne. An zare duka haɗin yana nan: waya ce ta goge a wani wuri, kuma wuraren da aka saba su ne inda dami ya ratsa huda a firam, kusa da sandar sitiyari, ƙarƙashin kujera wajen maɗaurinta, da gefen salansa inda zafi ke narka roba. Ɓeraye ma suna son waɗannan wayoyi idan tarakta ta daɗe a ajiye.

Makunnin kujera yana da tarko na musamman. A tsarin magneto, a haɗe yake idan babu kowa a kujera, nauyin mutum ne ke buɗe shi. Hankali zai ce idan an zare soket ɗinsa ai hanya ta buɗe kenan. Kamfanoni sun san da haka, shi ya sa a taraktoci da yawa suka sa wani ɗan ƙarfe cikin soket ɗin da ke haɗa ƙafafun da kansa da zarar an zare shi. Saboda haka soket ɗin da bai shiga har ƙarshe ba, ko wanda ƙugiyarsa ta karye, yana sa tarakta ta ɗauka babu kowa a kanta ko da kana zaune. Wanda kuma ya sa waya ya haɗa ƙafafun biyu da niyyar tsallake makunnin, ya yi daidai abin da ke kashe injin. Makunnan birki da na wuƙaƙe masu ƙafafu huɗu su ma makunni biyu ne a gida ɗaya: ƙafafu biyu na hanyar sitata, biyu na hanyar kashewa. Idan aka ruɗa su wajen mayar da waya, wutar batir za ta sami hanyar zuwa magneto.

Injin Briggs mai silinda biyu a siffar V yana da kwayil biyu a kan wayar kashewa ɗaya, da diyod (abin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai) a kowane reshe don kada ɗaya ya dami ɗaya. Diyod ɗin da ya lalace yana iya kashe wutar silinda guda, ko ya sa inji ya ƙi mutuwa. Idan kowane kwayil yana yin wuta shi kaɗai amma sun ƙi idan an haɗa su, guntuwar wayar mai diyod ake sauyawa.

A injin mai kwayil na batir hanyar binciken ta juye. A nan wuta ake nema a kan +, kuma a matsayi biyu: a kunne da wurin tayarwa. Kii da ya ci yakan ba da wuta a ɗaya ya hana a ɗaya. Shi ya sa za ka ga injin da ke kamawa daidai lokacin da aka saki makulli, ko wanda ke tashi ya mutu da zarar an saki. Makunnan kariya a wannan tsari suna yanke wutar + ne, kai tsaye ko ta hanyar rile (ƙaramin makunnin da wuta ke kunnawa), don haka wayar da ta tsinke tana kashe inji. Idan + yana da wuta, a mayar da fitila kan − a juya inji. Ta riƙa kamawa tana ɗaukewa: kwantak yana aiki. Ta kama ta tsaya: kwantak ba ya haɗuwa, datti ko tsatsa a bakinsa, ko wayarsa ta tsinke. Ba ta kama ba sam: kwantak ba ya buɗewa, ko kondensa ya haɗe, ko wayar ta taɓa ƙarfe, ko naɗin kwayil ya tsinke. Tazarar kwantak a Kohler K milimita 0.5 ce, kondensa kuma a kan − ake ɗaura shi tare da wayar kwantak. Kwayil ɗin da ya dace yana nuna om 3 zuwa 5 tsakanin + da −. Na mota mai nuna wajen 1.5 zai tayar da injin, amma zai ƙone bakin kwantak cikin ɗan lokaci. Barin kii a kunne inji a tsaye ma yana dafa kwayil idan kwantak ya tsaya a haɗe.

Akwai wuta mai kyau amma inji bai kama ba? A taraktocin da suka ɗan fi sabunta akwai ƙaramin salanoyid a gindin kwanon kafireto da ke toshe mai idan an kashe kii. Ka sa yatsa a kansa a kunna: ya kamata ka ji ƙas. Shi ma yana son wuta a matsayi biyun nan.

Yana tashi, sai ya mutu da an saki birki ko an kunna wuƙaƙe

Wannan kusan kullum maganar kujera ce. Ƙa'idar da yawancinsu ke bi ita ce: idan babu kowa a kujera, kuma ko dai an saki birki ko wuƙaƙe suna kunne, a kashe inji. Muddin birki yana ɗaure wuƙaƙe a kashe, ba a tambayar kujera komai, shi ya sa injin ke tashi lafiya. Saboda haka makunnin birki da ake zargi a nan aikinsa yake yi, na kujera ne ke faɗin ƙarya. A duba soket, a duba ko soson kujera ya lotse har farantin ƙasa ba ya danna maɓalli, a duba wayar wajen da take lanƙwasa duk sanda aka ɗaga kujera, domin takan tsinke daga ciki roba tana nan lafiya. Injin da ke shaƙewa yana dawowa a kan gargada ma nan zai kai ka.

Idan wuƙaƙen na kulocin lantarki ne, akwai wata hanya ta daban. Kulocin yana jan amfiya uku zuwa biyar, naɗinsa yana nuna om 2 zuwa 4. Wanda ya fara haɗewa daga ciki yana jan fiye da haka, ya ja wutar tarakta ƙasa har rile ko salanoyid ɗin mai ya saki. Bambancin a kunne ake jin sa: kashewar kujera nan take ce, kamar an murɗa kii, ta salanoyid ɗin mai kuwa sai injin ya ɗan yi tari kafin ya mutu. A auna batir inji yana gudu: tsakanin 13.5 da 14.7 ake so a tsarin da ke da na'urar daidaita caji. A taraktoci da yawa caji ta cikin kii yake bi ya koma batir, don haka ƙafar R ko A da ta yi baƙi da zafi tana hana caji ko da injin yana samar da shi.

Ya ƙi mutuwa, ko fiyus na tashi

Magneto da ya ƙi mutuwa ya rasa hanyar zuwa ƙarfe ne. Ko wayar kashewa ta zare daga kwayil, ko wayar G ta tsinke, ko kuma kii ɗin irin wanda ke samun negetif ta jikinsa ne kuma allon da aka ɗaure shi ya yi tsatsa. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce, domin idan tsinkewar tana kusa da kwayil, makunnin kujera ma ya daina aiki. A tsarin batir, idan aka haɗa wayar caji da wayar kwayil a ƙafa ɗaya, injin yana iya ci gaba da ciyar da kansa bayan an kashe kii. Dalilin raba R da I kenan.

Fiyus da ke tashi ba a maganinsa da babba, balle da waya. A cire shi a sa ƙwan fitilar mota a gurbinsa. Muddin akwai wayar da ke taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska sosai, kuma shi zai tare wutar kada wani abu ya ƙone. A riƙa zare kaya ana girgiza dami har hasken ya ragu ko ya ɗauke. Matsayin kii da fiyus ɗin ke tashi shi ma shaida ne: tun kafin a kunna, laifin yana tsakanin fiyus da B, a kunne, fitilu ko kuloci ko layin caji, a wurin tayarwa kawai, layin S.

Wajen gyara, siririyar waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ta isa layukan kii da makunnai, manyan wayoyin batir kuma wajen 16. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba ya daɗewa a abin da ke jijjiga yini guda cikin ƙura da raɓa. A matse da kan waya na gaske, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a goge kowane wurin negetif har ƙarfe ya yi fari, a shafa ɗan giris bayan an ɗaure. A sauya waya ɗaya a lokaci guda, kuma kada a amince da launi, domin hannaye da yawa sun riga sun bi ta kan tsohuwar tarakta.

Wayar tsallake ta gwaji ce ta minti ɗaya, a cire ta. Wuƙaƙen nan, idan an kunna su, suna ci gaba da juyawa muddin inji na aiki, kuma makunnin kujera ne kaɗai ke tsayar da su idan mai tuƙi ya faɗo ko ya sauka cire wani abu daga gaba. Bayan an gama a gwada kariyar ɗaya bayan ɗaya a fili, babu kowa kusa: birki a sake, sitata kada ta juya, wuƙaƙe a kunne, kada ta juya, inji na aiki wuƙaƙe na juyawa, ka ɗan ɗaga jikinka daga kujera, ya fara mutuwa nan da nan, a sake yin haka wuƙaƙe a kashe, giya a firi, birki a sake, a taraktar da aka ƙera da wannan kariyar. Duk wanda bai amsa ba, a koma soket ɗinsa a duba ko an musanya ƙafafun hanyar sitata da na hanyar kashewa.